Tambayoyi da amsoshi kan Belle Vue Aces, kulob ɗin tseren babur na Mancesta

Duk wanda ka ce wa Mancesta hankalinsa kan United da City yake tafiya, shi ke nan an gama magana. To amma a gabashin garin, wata unguwa da ake kira Gorton, akwai wani kulob da ya haura shekara 90 yana tara jama'a da daddare, su ba ƙwallo suke bugawa ba, babura suke tserewa a kan jan burji, kuma baburan ko birki ba su da shi. Sunansu Belle Vue Aces. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi idan suka fara cin karo da wannan wasa da ake kira sifidwe (speedway), da amsoshinsu daidai gwargwado.

Wai mene ne ma sifidwe ɗin nan?

Tseren babur ne da ake yi a fili mai siffar ƙwai, miƙaƙƙen layi biyu kwana biyu, kuma kullum hagu ake karyawa. Mutum huɗu ake jerawa a lokaci guda, su zagaya sau huɗu, cikin kamar minti ɗaya an tashi. Ƙasan filin ba kwalta ba ne, burji ne da ake niƙawa a baza a yayyafa masa ruwa, shi ya sa za ka ga tayar baya tana watsa ƙasa har kan 'yan kallon da ke layin gaba. Daga Ostireliya wasan ya shigo Ingila, an yi babban taron farko a wani wuri da ake kira High Beech a watan Fabrairu 1928, kuma kafin shekarar ta ƙare filaye sun cika gari ko'ina.

Babur ɗin kuwa inji ne mai silinda ɗaya, cc 500, ba fetur yake sha ba, methanol ake zuba masa. Giya ɗaya ce tal, babu canji, babu fitila, babu madubi, babu komai na ado. Nauyinsa bai kai kilo 80 ba amma idan aka saki kuloci yana tashi da ƙarfin da motocin tsere da yawa ba za su kama shi a farkon mita ɗari ba.

Da gaske babu birki? To ya suke tsayawa?

Da gaske, doka ce ma ta hana. Idan mahayi ya nufo kwana da gudun sama da kilomita 100 a awa, maimakon ya rage sai ya jefa bayan babur ɗin gefe, tayar baya ta dinga sulɓi tana juyawa, ta gaba kuma ya karkata ta wajen dama duk da hagu zai yi, ƙafar hagu a ƙasa sanye da takalmin ƙarfe tana gogar burji. Wannan sulɓin shi ne birkinsa shi ne kuma sitiyarinsa, komai da totur ake sarrafa shi. In an gama tsere sai ya saki totur, injin da kansa ya ja babur ɗin ya lafa, ya ƙarasa da jan ƙafa. Akwai wata 'yar igiya ɗaure a wuyan hannunsa na dama, da zarar ya faɗi ta fizge inji ya mutu, don kar babur ya ci gaba da gudu shi kaɗai ya je ya afka wa wani.

Tunda tsere ne, ta yaya ya zama wasan kulob da kulob?

Nan ne daɗin abin yake. Kowane kulob mahaya bakwai yake fitarwa, a yi tsere 15 a dare ɗaya, kowane tsere biyu daga nan biyu daga can. Masu gida hular kwano ja da shuɗiya, baƙi kuma fara da rawaya, da haka ɗan kallo yake gane waye waye cikin ƙura. Na ɗaya maki 3, na biyu 2, na uku 1, na kashin baya ya tashi a tutar babu. Kenan kowane tsere maki shida ake rabawa, ko a tashi 3-3, ko 4-2, ko kuma 5-1 idan 'yan kulob ɗaya suka zo na ɗaya da na biyu, wanda shi ne ke sa fili ya kaure da ihu. A ƙarshen dare maki 90 aka raba, wanda ya haura 45 ya ci.

Saboda haka ba kullum gwani ke tsere wa kowa ya tafi abinsa ba, wani lokacin za ka ga yana gaba amma yana waiwaye, yana rage gudu da gangan ya tare hanyar waje, abokinsa da bai kai shi ba ya riƙe ta ciki, su toshe abokan hamayya a baya har a kai layi. Wanda ya iya wannan shi 'yan kallo na asali suka fi girmamawa, fiye da mai gudu kawai.

Yaushe aka kafa Belle Vue, kuma me ya haɗa su da gidan zu?

An fara tsere a watan Yuli 1928 a filin tseren karnuka da ke titin Kirkmanshulme Lane. Shekara ta zagayo, a watan Maris 1929 suka koma nasu filin na Hyde Road wanda aka gina a cikin harabar Belle Vue, wani katafaren wurin shaƙatawa mai gidan namun daji da lilo da wuraren rawa da dambe, inda ma'aikatan masaƙun Mancesta ke zuwa kashe ladansu ranar Asabar. Mutum zai zo da iyalinsa da rana su ga giwa da zaki, da yamma a shiga kallon babura, a fito a hau lilo. Wani mutum E.O. Spence shi ne ya tsaya kan harkar tun farko. Gidan zu ɗin an rufe shi a 1977 amma sunan ya bi kulob ɗin har yau. Launinsu ja da baƙi da fari, alamarsu kuma katin karta ne mai baƙin ganye uku, shi ke manne a ƙirjin kowane mahayinsu.

Abin da ya bambanta Hyde Road da sauran filaye shi ne don babura aka gina shi tun asali. Yawancin filayen Ingila raɓawa aka yi a cikin filin karnuka ko na ƙwallo, sai su fito a matse. Shi kuwa zagayensa mita 382 ne, ga faɗi, kwanoninsa a buɗe, mutum huɗu za su iya shiga kwana kafaɗa da kafaɗa kowa da layinsa. Ku riƙe wannan magana ta fili, don kusan duk tarihin kulob ɗin a kanta ya rataya.

Kofin lig nawa suka ci?

Na babban lig na ƙasa guda 12: 1933, 1934, 1935, 1936, sai 1963, sai 1970, 1971, 1972, sai 1982, 1993, 2022 da 2024. In ka haɗa da lig ɗin arewacin Ingila da suka ci a 1930 da 1931, lokacin ba a haɗe kudu da arewa ba, ya zama 14. Ban da kofunan sili-ɗaya-ƙwale, wanda na baya-bayan nan suka ɗauka a 1972, 1973, 1975, 2005 da 2017.

Huɗun nan na jere a shekarun 1930 su ne suka kafa sunan. Akwai Eric Langton, da Frank Varey wanda mutanen Ajantina suka laƙaba wa jan shaiɗan saboda jar rigarsa da rashin tsoronsa, da Max Grosskreutz ɗan Ostireliya, da Bill Kitchen da Joe Abbott da Frank Charles. A lokacin kulob-kulob ɗin Landan ne ke da kuɗi da jama'a, sai ga 'yan arewa suna zuwa har gida suna lallasa su. Langton saura ƙiris ya zama zakaran duniya na farko a tarihi, a Wembley a 1936 ya yi kunnen doki da Lionel Van Praag, aka sake musu tsere su biyu, Van Praag ya ɗauke.

An ce ko lokacin yaƙin duniya ba su tsaya ba, gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma shi ne abin da 'yan Belle Vue suka fi tinƙaho da shi. Da yaƙi ya ɓarke a Satumba 1939 aka dakatar da lig, filaye suka rufe ɗaya bayan ɗaya, amma Hyde Road ya ci gaba da shirya tsere duk tsawon shekarun yaƙin, da duk mahayin da aka samu ya zo hutu daga soja ko daga masana'anta, ana lallaɓa tsofaffin injuna da ɗan man da aka samu. Mace ce ma ta riƙe ragamar a lokacin, Alice Hart. Da ba don wannan ba da wuya wasan ya farfaɗo da sauri yadda ya yi a 1946. Shi ya sa ake ce musu kulob ɗin da bai taɓa kashe inji ba tun 1928, in ka cire 2020 da korona ta hana kowa lig.

Bayan yaƙi dai lig ya gagare su, kulob ɗin Wembley ya mamaye, daga baya na Wimbledon ya karɓa. Suna da Jack Parker wanda ya riƙe hular zinare ta gasar mutum biyu har aka koma kiranta fanshon Parker, ya zo na biyu a duniya a 1949, amma daga 1936 sai da suka jira 1963.

Waye Peter Craven da ake ta gasar tunawa da shi?

Ɗan Liverpool ne, ɗan ƙaramin mutum gajere, in ya tsaya kusa da babur sai ka rantse ba zai iya riƙe shi ba. Saboda ƙanƙantarsa ba ya iya danne babur da nauyi kamar sauran, sai ya ƙirƙiro salonsa, ya rataye a gefe kusan jikinsa duka a wajen sirdi yana lilo da shi, har aka sa masa suna mayen daidaito. Ya ci kofin duniya a 1955 yana ɗan shekara 21, ya sake ci a 1962, a zamanin da ake da su Ove Fundin da Barry Briggs da Ronnie Moore, wato ba a banza ya same shi ba.

A watan Satumba 1963, shekarar da ya ja Belle Vue suka ci lig bayan shekara 27, suka je wasan sada zumunta a Edinburgh, filin Old Meadowbank. Mahayin da ke gabansa ya faɗi, Craven ya kauce don kar ya taka shi, ya je ya daki shinge. Bayan kwana huɗu ya rasu a asibiti, shekararsa 29. Har yanzu duk shekara ana gasa da sunansa, kuma akwai wani zaure a filinsu na yanzu da aka sa wa sunansa. Tsofaffin magoya baya da suka gan shi da idonsu sun yi ƙaranci yanzu, amma ka shiga filin za ka ga hotonsa kafin na kowa.

To Ivan Mauger fa, ba shi ne ya fi kowa ba?

A lissafin kofi kam babu musu. Ɗan New Zealand ne, ya ci kofin duniya sau shida, 1968, 1969, 1970, 1972, 1977 da 1979, kuma uku daga ciki, na 1969 da 1970 da 1972, yana sanye da rigar Belle Vue. Daga Newcastle suka ɗauko shi a 1969, zuwansa ke da wuya kulob ɗin ya ci lig sau uku a jere. Shi Mauger ba mai burge 'yan kallo ba ne irin Craven, ɗan lissafi ne, ya mayar da tashi daga layi kamar ilimi, kafin a ɗaga igiyar da ke tare mahaya a layin tashi ya riga ya karanci alƙalin wasa ya karanci ramin da zai sa tayarsa, in ya riga ka shiga kwanar farko to sai dai ka bi ƙurarsa. Wasu ba sa sonsa saboda haka, suna cewa ya cika tsare gida da son kansa, amma shi ya koya wa mahaya cewa wannan sana'a ce, a zo da makaniki na kirki da babur biyu ko uku a shirye. Da ya ci kofin duniya sau uku a jere wasu Amurkawa biyu suka cika alkawarin da suka yi masa, suka shafe babur ɗinsa na 1970 da zinare, yana nan a gidan tarihi a Christchurch garinsu.

Amma kar a ce shi kaɗai ne. Akwai Sören Sjösten ɗan Suwidin, da Tommy Roper, da yaran gida irin su Chris Pusey da Alan Wilkinson waɗanda manaja Dent Oliver ya raino ta makarantar koyon tsere da ƙaramin kulob ɗinsu Belle Vue Colts, wanda shi ma ya ci lig na rukuni na biyu a 1968 da 1969. Shi ya sa ko da Mauger ya tafi Exeter a 1973 gidan bai rushe ba, akwai na baya suna tasowa.

Su waye na bayan?

Peter Collins da Chris Morton, yaran yankin ne su biyun, kuma abin dariya dukkansu ba su iya tashi daga layi ba. Sau da yawa su ne na ƙarshe a kwanar farko, daga nan sai a fara aiki, Collins ya bi ta can waje dab da shinge inda burji ya taru tayar ke samun kamu, ya wuce mutum ɗaya a wannan zagaye ya wuce wani a na gaba, wani lokacin a kan layin ƙarshe zai sha gaban na ɗaya da rabin taya. Faɗin Hyde Road ne ya haifi wannan salo, yaron da ya tashi a matsattsen fili ba zai taɓa koyonsa ba don babu inda zai bi. A wasan ƙarshe na kofin 1973 da Reading aka tashi kunnen doki, aka fitar da Collins da Anders Michanek na Reading su raba gardama, suka dinga wuce juna kwana bayan kwana har Collins ya ci, kuma har yau in ana zancen tsere mafi kyau a tarihin Ingila sai an ambaci wannan.

Collins ya ci kofin duniya a 1976 a Chorzów ta ƙasar Foland gaban dubban jama'a. A 1977 saura 'yan kwanaki ya je kare kambunsa ya daki murfin magudanar ruwa a Hyde Road ya karya ƙafa, haka ya fita daga asibiti ya tafi Gothenburg, ana ɗaukarsa ana ɗora shi a kan babur, cikin ruwan sama, ya zo na biyu a bayan Mauger. Ni a wurina wannan na biyun ya fi wasu kofunan daraja.

Morton bai ci na duniya shi kaɗai ba, amma ya zama zakaran Birtaniya a 1983, shi da Collins suka ci kofin duniya na 'yan biyu-biyu a 1984, kuma babu wanda ya kai shi yawan hawa wa Belle Vue. Su ne ƙashin bayan tawagar da ta ci lig a 1982.

Me ya raba su da Hyde Road tunda haka yake da kyau?

Gobara, amma ba a filinsu ba. A watan Mayu 1985 wuta ta kama rumfar katako a filin ƙwallon Bradford City mutum 56 suka rasu, daga nan hukuma ta tsananta doka kan duk filin da ke da rumfunan katako, Hyde Road kuwa kusan gaba ɗayansa katako ne tun na 1929. Kuɗin gyara ya yi yawa, mai filin a lokacin Stuart Bamforth ya sayar wa kamfanin gwanjon motoci, aka yi tseren ƙarshe a ƙarshen kakar 1987 aka rushe. Kulob ɗin ya kusa mutuwa, Peter Collins na cikin waɗanda suka tashi tsaye aka mayar da shi filin karnukan nan da aka faro a 1928, suka buɗe a can a 1988.

Shi ne dalilin da suka yi shekara 29, daga 1993 zuwa 2022, babu lig?

Ba shi kaɗai ba, amma ni dai ina ganin shi ne babba. Filin karnukan zagayensa mita 285 ne, a matse, kuma 'yan haya ne su, ba su da iko da ranar da suke so, kuɗin abinci da abin sha da 'yan kallo ke saya ba aljihunsu yake shiga ba, ga hanyar karnuka ta raba 'yan kallo da babura. Kulob ɗin da aka san shi da wuce mutane ta waje ya koma inda duk wanda ya riga tashi shi ke ci. Jama'a suka ragu, kuɗi ya ragu, manyan mahaya suka fi son zuwa Poole ko Coventry.

Duk da haka sun ci lig a can sau ɗaya, a 1993, da su Joe Screen da Bobby Ott da Jason Lyons da Shawn Moran, a daren ƙarshe a gidan Wolverhampton waɗanda su ne ke kan tebur kusan duk kakar. Sannan Jason Crump ɗan Ostireliya ya ci kofin duniya a 2004 da 2006 yana mahayinsu, shi ya riƙe su a wuya shekaru. A 2005 sun gama a saman tebur amma tsarin ya riga ya canza, sai an yi wasannin fitar da gwani a ƙarshen kaka, Coventry ta doke su a wasan ƙarshe. Haka Poole ta yi musu a 2015, Wolverhampton a 2016, Peterborough a 2021. Mutum ya kai wasan ƙarshe sau huɗu ya dawo hannu rabbana, dole magoya baya su fara tunanin ko an yi musu baki ne.

Ya labarin sabon filin?

Sunansa National Speedway Stadium, a kan titin Kirkmanshulme Lane ɗin dai, jifa kaɗan daga inda filin karnuka yake a da, hukumar birnin Mancesta ce ta sa kuɗi aka gina, Chris Morton na cikin waɗanda suka yi shekaru suna fafutukarsa. Zagayensa mita 347, kuma da gangan aka zana shi ya yi kama da Hyde Road, faɗi da kwanoni masu ɗan tudu ta waje. Buɗewar dai ba ta yi daɗi ba ko kaɗan, ranar 19 ga Maris 2016 fili ya cika maƙil, manyan mahayan duniya sun zo gasar tunawa da Craven, suka duba kwana ta uku da ta huɗu suka ce ƙasan ya yi laushi ba za su hau ba, aka sallami jama'a ko tsere ɗaya ba a yi ba. Sai da aka tone wurin aka sake, asarar ta jefa masu kulob ɗin cikin bashi, a 2017 wasu sababbi suka karɓa, Mark Lemon ɗan Ostireliya ya ci gaba da jan tawagar.

Da filin ya zauna kuwa sai ga shi kowa na cewa babu kamarsa a Birtaniya, wasu ma su ce a duniya. Nan aka yi wasan ƙarshe na kofin duniya na ƙasashe a 2016 Foland ta ci, nan Birtaniya ta ci gasar ƙasashe a 2021, karo na farko tun 1989, ta sake ci a nan a 2024. Belle Vue kuma ta kawo ƙarshen dogon jiran lig a 2022, ta doke Sheffield a wasan ƙarshe da kyaftin Brady Kurtz da Matej Žagar da Charles Wright da Tom Brennan, da Robert Lambert da aka ɗauko dab da ƙarshe bayan Max Fricke ya ji rauni ('yan Sheffield har yau ba su huce da wannan ɗauko ba). A 2024 suka sake, wannan karon Leicester suka doke, Dan Bewley ya dawo gida ga Kurtz ga Jaimon Lidsey. Shekara 28 a filin karnuka lig ɗaya, shekara tara na farko a sabon fili lig biyu, kowa ya yi lissafinsa.

Me ya hana su sayi manyan mahaya bakwai su cinye komai kamar yadda ake yi a ƙwallo?

Doka ta hana. Kowane mahayi yana da matsakaicin maki da ake lissafa masa daga abin da yake ci, kuma kafin kaka ta fara ana yanke iyakar da jimillar mutum bakwai ɗin ba za ta wuce ba. Kenan in ka ci lig bana yaranka duk makinsu ya hau, baɗi dole ka saki ɗaya ko biyu, nasararka ce ke cin ka. Shi ya sa cin lig sau uku a jere irin na 1970 zuwa 1972 yake da wuyar maimaituwa. Gwanintar manaja ita ce ya hango yaro mai ƙaramin maki wanda zai fashe a bana.

Akwai wasu abubuwa ma da ɗan ƙwallo zai ji kamar wasa ake. In mahayinka ya ji rauni kana iya aro na wani kulob na dare ɗaya, mutumin da ya yaƙe ka ran Litinin ya sa rigarka ran Alhamis. Kuma mahayi ɗaya yana da kulob a ƙasa uku, Litinin yana Mancesta, Talata Suwidin, Lahadi Foland inda kuɗin yake na gaske, shi da makanikansa kullum a mota ko a filin jirgi. Wannan na cikin abin da ke damun lig ɗin Birtaniya, manyan taurari da yawa sun daina zuwa don kuɗin bai kai wahalar ba, ga filaye na ta rufewa ana gina gidaje, Coventry ta rasa nata, Wolverhampton da Peterborough suka fita a ƙarshen 2023. Belle Vue na cikin 'yan tsirarun da ba sa kwana da fargabar mai gida zai kore su.

Wasan nan bai cika haɗari ba kuwa?

Yana da haɗari sosai, babu ɓoye-ɓoye. Ban da Craven, kyaftin ɗinsu Alan Wilkinson ya faɗi a Hyde Road a 1978 ya karye a wuya, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu. Da can shingen katako ne ko waya, yanzu an sa katifun iska a kwanoni, ga rigunan kariya na baya da wuya, abin ya ragu ƙwarai, amma karayar ƙashin wuya da cinya da hannu kam kusan babu mahayin da ya yi shekara goma bai ɗanɗana ba.

Wanda ya samu zuwa Mancesta, ya zai yi ya kalla, me zai tarar?

Kakar tana farawa a Maris ta ƙare a Oktoba, kuma Aces ran Litinin da yamma suka fi yin wasan gida. A duba yanayi kafin a fita, in ruwa ya yi yawa ana ɗage wasa don burji ya jiƙe mahaya ba sa gani. Ka sayi ɗan littafin shirin wasa a ƙofa ka riƙe biro, za ka ga kowa har tsofaffi mata da jikokinsu suna cike makin kowane tsere da hannu, kuma kar ka kuskura ka yi wa mutum magana yana cikin rubutawa. Kafin kowane tsere za a kunna agogon minti biyu, mahayin da bai iso layi ba an cire shi, za ka ga sun iso suna tona ƙasa da dunduniya suna gyara ramin da tayar baya za ta kama, wanda ya taɓa igiya kafin a ɗaga shi ma ya jawo wa kansa hukunci. Bayan 'yan tsere kaɗan tarakta za ta shigo ta baje burjin da ya taru a waje, motar ruwa ta bi baya. Warin methanol da man inji zai kama maka riga har gida. In kana son ganin wuce-wuce ka nemi wuri saitin kwana ta uku da ta huɗu, in kuma da yara ka zo ka tanadar musu abin toshe kunne.

Wanda bai samu zuwa ba ya shiga YouTube ya rubuta sunan Peter Collins ko Hyde Road don na da, ko Dan Bewley da Brady Kurtz don na yanzu, akwai tsere cikakku da yawa kuma kowanne minti ɗaya ne, ba zai ci maka data ba.